Kan Kifin Baba Maigandi

Idan ka bar Argungu ka nufi Augie ta bakin gulbi, akwai wata 'yar tunga da ake kira Tungar Kalilu. A shekarun da ake ta maganar mulkin kai gidajenta ba su da yawa, kuma kusan kowane magidanci a cikinta da damina manomin shinkafa ne, da rani masunci. Ba kasuwa, ba makarantar boko, ba ɗakin shan magani. Abu ɗaya tungar ta fi maƙwabtanta da shi, shi ne gidan Riskuwa.

Riskuwa sana'arta gumi. Ta sayi shinkafa da ƙaiƙayinta, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya, ta cashe, ran kasuwar Argungu a kai mata. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma Allah ya yi mata murya. In ta kira akuyarta a tsakar gida, masu jirgi a tsakiyar gulbi sai sun waiwayo. Mijinta Sahabi kuwa dogo ne, kuma sai ya wuni bai ce uffan ba. Wanda bai san su suna yara ba ba zai yarda ba, amma taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito, kuma a da babu wanda ya kai shi takura mata. Shi ne mai ɓoye mata tulu a bakin ruwa, shi ne mai saka mata kwaɗo a ƙwarya. Ranar da aka ɗaura musu aure ya naɗe wasan nan ya ajiye, ya zama maigida, bai ƙara taɓa shi ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Jamilatu. A shekarar da aka kai ta ɗakin miji a Augie, gida ya yi wa Riskuwa faɗi, sai ga wata tsohuwa da sanyin safiya ta shigo ɗibar wuta. Sunanta Sadatu, kowa Gwaggo yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda ya tafi fatauci Gwanja bai dawo ba, ruwan sama kuma ya kwantar da rabin bukkarta. Ta zauna gindin murhun gumi tana jin ɗumi, ta jawo faifai ta fara tsintar tsakuwa daga shinkafa, tana tsinta tana kushe aikin Riskuwa. Rana ta take, ta karkata, ta faɗi, Gwaggo ba ta tashi ba, wutar ma ba ta ɗiba ba. Sahabi ya shigo ya dube ta, ya dubi matarsa, ya fita. Washegari aka gan shi ya dawo da damin gamba a ka, ya kafa bukka a kusurwar gidan.

Haka abin ya fara, ba shawara, ba shiri. Bayan Gwaggo sai Ɗantsoho makaho, wanda sai da ya tsufa sunansa ya zauna masa daidai. Bayansa sai Maryamu mai ciwon gwiwa. Duk lokacin da aka ga Sahabi da damin gamba, sai mutanen tunga su ce, to, Riskuwa ta sake haihuwa. Samari suka sa wa gidan suna makarantar marasa haƙora, ita kuwa ta ce su yi ta dariya, tana nan ta ajiye musu wuri.

Amma kada ka ce mata gidan sadaka ta buɗe, za ka ji abin da ba ka so. A gidan Riskuwa kowa da aikinsa. Gwaggo tana tsintar tsakuwa. Maryamu tana kaɗi. Ɗantsoho yana zaune gefen shanya da doguwar sanda, kunnensa ya san takun kaza tun tana bayan danga, kuma ba ta taɓa cin ƙwayar shinkafa ta tafi lafiya ba. Tunga ma ta ɗauki nata kason ba tare da an roƙe ta ba. Akwai wata tsohuwar ƙwarya a ƙofar gidan, duk masuncin da ya hauro daga gulbi sai ya jefa kifi ɗaya ko biyu ya wuce. Ran Juma'a wanzami ya zo ya yi aski, matan maƙwabta su shigo su yi kitso da wanki. Sauran aikin, wanda ba a gani, na Riskuwa ne. Ita ta san wanda tuwonsa sai an sassauta, ita ke bin kifi da yatsa tana zare ƙaya, ita ke kama hannun mai jiri ta kai shi makewayi ta tsaya nesa tana waƙa don kada ya ji kunya. Dokarta guda ce, a gidanta tsoho ba ya cin abinci shi kaɗai.

Wanda ya fi kowa cin moriyar dokar nan shi ne Baba Maigandi. A zamaninsa masunci ne na ji da gani, ana cewa ya taɓa fito da giwan ruwa da sai da maza biyu suka kama masa. Yanzu matarsa ta rasu, ƙafa ta yi nauyi, ɗansa Abdussamadu yana aiki a Birnin Kebbi. A gidansa yake kwana, amma da hantsi sai ya dogaro sanda ya shigo wurin Riskuwa, ya zauna ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin homar masu su. Kuma Gwaggo Sadatu taubashiyarsa ce. Tun suna yawo ba riga suke faɗan wane ne bawan wani, har haƙoransu suka zube ba a yanke hukunci ba.

Da ta ji ƙarar sandarsa sai ta ɗaga kai daga faifai.

"A'aha, kai na? Har yau ba ka mutu ba? Ni da nij ji kukan jaki da assuba, na aza kai na ka bankwana da duniya."

"In mutu in bar ki ga wa?" in ji Maigandi, yana neman wurin zama. "Wa ka son baiwa marar haƙori? Ko kyauta anka ba da ke, sai an maido."

Wannan gaisuwa ce kawai. Yaƙin gaske sai an sauke tuwo. Riskuwa ta san darajar tsohon masunci, saboda haka kan kifi mafi girma a akushinsa take sakawa. Ta kuma san halin Gwaggo, saboda haka kusa da shi take shimfiɗa mata tabarma. Da Maigandi ya juya zai sha ruwa, sai hannun Gwaggo ya silalo. Dole ya rungume akushi da hannun hagu, ya yi ta zuba loma da na dama, yana ci yana kiranta ɓarauniya, ita tana rantsuwa ƙuda take kore masa. Kafin ka ankara ya share tuwon tas. Riskuwa ta daɗe da lura cewa ran da zazzaɓi ya kwantar da Gwaggo, loma biyu Maigandi yake yi ya ture akushi, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba ta ɗauke shi wani ilmi ba.

Ana nan, farkon daminar shekarar da aka sami mulkin kai, sai ga Abdussamadu. Shi ne yaron da aka kama aka kai makarantar boko ana kuka kamar an yi mutuwa, ga shi yau malamin gona, da keke, da gida mai rufin kwano. Kuma a yi masa adalci, ɗa ne nagari. Bai taɓa barin uban ba sutura ba, bai taɓa barinsa ba goro ba. Abin da ya taso shi wata magana ce da wani ya yaɓa masa a wurin ɗaurin aure, cikin mutane, wai ashe mahaifinsa yana can gidan wata mai gumi ana ciyar da shi. Maganar ta hana shi sukuni.

Ya zo wa Riskuwa da turmin atamfa da goro, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, abin da kinka yi muna Allah kaɗai ka biyan ki. Amma lokaci ya yi da zan ɗauki kayana da kaina. Na zo in tai da Baba."

Me za ta ce? Ɗa ya zo ɗaukar ubansa, wannan ai abin a sa masa albarka ne. Ta sa masa, da zuciya ɗaya, ko da yake ranta ya sosu ƙwarai. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla don ya kai wa matarsa: tuwo da laushi, kunu ba tsami, kifi a zare ƙaya, ruwan wanka da ɗumi. Komai ta faɗa, sai abu ɗaya. Bai ma zo mata a rai ba ta ce a samo wanda zai riƙa yi wa tsoho satar kan kifi.

Ranar tafiya duk tunga ta fito rakiya, ban da Gwaggo. Daga cikin bukka ta ɗaga murya.

"Ku tai da shi, mun huta! Ku ce ma mutanen Birni su ɓoye tukwanensu!"

Maigandi ya buɗe baki zai rama, sai ya ga ɗansa tsaye da abokan aikinsa biyu, ya haɗiye. Gwaggo kuwa ranar ba ta fito tsintar tsakuwa ba.

Damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, shinkafa ta yi kore shar. Gidan Riskuwa yana nan yadda yake, sai dai Gwaggo ta canza. Ta daina kushe miya. Ta fara cewa an gode in an miƙa mata abinci. Rannan har ta ce wa Maryamu sannu da aiki, Maryamu ta tsorata ta kira Riskuwa ta zo ta taɓa jikinta.

Sai wata safiya wani mai fataucin bandar kifi da ke zirga-zirga tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ya tsaya a ƙofar gida da saƙo. Malam Abdussamadu ya ce Baba ba ya jin daɗi, duk mai son ganawa da shi ya zo. Babu wanda bai san fassarar irin wannan saƙo ba. Riskuwa tana juya gumi a tukunya, ta tambayi mutumin me ke damun tsohon. Ya ce babu wanda ya sani. An kai shi asibiti an yi allura, an yi rubutu ya sha, ba zazzaɓi, ba tari, abinci ne kawai ya ƙi. Ta ce me ake ba shi? Ya ce me ba a ba shi? Nama, shayi da burodi, kifi kuwa sai wanda aka zaɓa.

"To, da wa shika ci?"

"Wa ya isa shi ci da shi? Ɗakinai daban, gado nai na ƙarhe. A durƙushe aka kai mai, a aje, a jawo ƙohwa. Ko yara ba a bari su matsa, kada su dame shi."

Riskuwa ta ajiye muciya. Ta je ta sami Sahabi yana gyaran jirginsa ta ce gobe zai kai su Argungu, ita da Gwaggo, su hau mota zuwa Birnin Kebbi.

"Gwaggo ba ta taɓa shiga mota ba," in ji Sahabi.

"Gobe ta shiga."

Da safe ya tura su cikin jirgi ta kan fadamar da ruwa ya shanye, Gwaggo a tsakiya da ƙullin kayanta a cinya. A Argungu suka tarar gari ya ɗauki harama. 'Yan makaranta suna ta koyon maci da 'yan tutoci kore da fari, direban babbar motar da za su shiga shi ma ya ɗaura tasa a gaba. Gwaggo ta tambayi bikin wa ake yi. Aka ce mata Turawa ne za su tafi, an ba mu mulkin kanmu.

"To, su gai da gida," in ji ta. "Ina budurwa sunka zo, ban tarbe su ba. Yanzu ma ba ni rakiya."

Riskuwa ta ji daɗin wannan amsa, ta ce a ranta bakin bai mutu ba. Aka ɗaga tsohuwa aka ɗora a bayan mota, kan katako, tsakanin kwandunan kifi. Da injin ya tashi ta damƙe zanen Riskuwa ta karanto duk addu'ar da ta sani, da suka ƙare ta koma kan direba da kakanninsa. Sau biyu mota tana kafewa a laka maza suna sauka turi. Sai bayan la'asar suka isa, ƙashinsu duk ya yi tsami.

Gidan Abdussamadu tsaf yake, an share, an yayyafa ruwa, amma shiru kamar ba mutane. Matarsa Safiyatu ta tarbe su da raɗa, idanunta sun yi ja don gajiya. Yarinyar kirki ce. Ta ce ta yi duk abin da aka ce, ta zare ƙaya, ta sassauta tuwo, har kuka take yi a madafa, amma yadda ta kai akushi haka take ɗauko shi. Riskuwa ta dafa kafaɗarta ta ce ba laifinta ba ne.

Ɗakin tsohon ya fi na hakimi. Gadon ƙarfe, katifa, gidan sauro, fitilar ƙwai a kan teburi. A ƙasa ga akushi a rufe. A kan gadon kuwa ga Maigandi, ya zube, wuyansa ya zama siriri, hannun da ya daɗe yana jan homa yana kwance a kan bargo ba motsi. Abdussamadu yana tsugune daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Riskuwa ta gaishe da tsohon, ya amsa da ƙyar. Sannan ta matsa gefe ta turo Gwaggo gaba, tana jiran a fara.

Gwaggo ta matsa kusa, don idonta ba ya gani daga nesa. Ta sunkuya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. 

"Sannu, Maigandi," in ji ta a hankali. "Sannu, ɗan'uwana. Allah shi ba ka lahiya."

Tun da aka haife su ba ta taɓa ce masa sannu ba. Maigandi ya buɗe ido ya dube ta, kuma Riskuwa ta ga abin da ya shiga idon nan, tsoro ne. In har Sadatu ta ce masa sannu, ai magana ta ƙare. Ya juya fuskarsa bango ya ja bargo.

Riskuwa ta kama hannun tsohuwa ta ja ta waje, har bayan madafa, ranta a ɓace.

"Gwaggo, don ki ce sannu nid ɗauko ki tun daga tunga? Masu sannu sun cika gidan ga, su sunka kwantar da shi!"

"Bakina ya ƙiya, ɗiyata," in ji Gwaggo, hawaye na bin kumatunta. "Ba ki ga yadda yak koma ba? Mi za ni ce ma wanga?"

Riskuwa ta san gaskiya ba a yi wa mutum dole ya yi wasa. Ta tsaya tana kallon tsohuwar, sai ta tuna tun kunun safe ba abin da ya shiga cikinta. Ta share mata fuska da gefen mayafi, ta ce to shi ke nan, a bar maganar, ta zo ta ci abinci. Safiyatu ta yi wuf za ta zubo wani, Riskuwa ta ce a'a, ga tuwo can a ɗaki ba wanda ya taɓa, ba kyau a bar shi ya lalace.

Ta mayar da Gwaggo ɗakin, ta shimfiɗa mata tabarma dab da ƙafar gado, ta jawo akushin Maigandi ta buɗe a gabanta. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, ga kan giwan ruwa zaune a tsakiya yana ƙyalli. Abdussamadu ya ɗago kai zai yi magana, Riskuwa ta harare shi, ya mayar da kai.

Yunwa ba ta bar Gwaggo ta yi dogon tunani ba. Ta yi bismilla ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu. A ta uku jini ya fara dawo mata. Ta ɗauki kan kifin da hannu biyu ta kafa masa dasashi tana tsotsa, irin tsotsar da ake ji daga zaure. Ta ɗaga ido ta dubi gidan sauro, ta dubi fitila, ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon da yatsa ta ji ƙarfe ne.

"Ke Riskuwa," in ji ta, baki cike, "ashe haka bayi ka kwana cikin Birni? To, ku zama shaida, in yat tahi, gadon ga nawa na. Bargon ma kada a rufe shi da shi, a aje min."

Bargo ya motsa.

"Kihin ga kau ya yi daɗi. Gara da bai ci ba. Mutumin da bai taɓa kama abin da yaf fi tafin hannu ba, ina shi ina kan giwan ruwa?"

Sai ga wani siririn hannu ya zuro ta ƙarƙashin gidan sauro, yana lalube, ya kama bakin akushi.

"Ɓarauniya," in ji wata murya a shaƙe. "Tun daga tunga kinka biyo ni ki cinye man abinci? Aje shi!"

"Ƙuda nika kore ma!"

"Abdu, tashe ni zaune! Kana kallo baiwar ga za ta ƙare ni!"

Abdussamadu ya tashi da sauri ya tallafo uban. Aka yi ta ja, akushi ya yi gaba ya yi baya, miya ta zuba a kan bargon da ake ji da shi. Maigandi ya ƙwace rabin kan kifin, ya rungume akushi da hagu, ya kai loma. Ba wani ci mai yawa ya yi ba ranar, loma kaɗan ce, amma da kansa ya kai su, yana ci yana haki yana zagi. Safiyatu tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, ba ta san ko dariya take ko kuka ba. Yaran gidan da suka ji hayaniya suka leƙo, Riskuwa ta yafito su ta ce su shigo su ga kakansu yana dambe.

Suka yi 'yan kwanaki a gidan. Ranar da aka yi bikin mulkin kai, gari ya cika da kiɗa, maƙwabta sun taru gindin rediyo, Maigandi yana zaune a tsakar gida a kan tabarma, jikokinsa suna ja masa gemu, shi da Gwaggo suna gardamar wanda ya fi wani tsufa. Da yamma Abdussamadu ya sami Riskuwa ita kaɗai. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Inna, na ga abin da nig gani. In na maida Baba tunga, bakin mutane ba ya bari na. In na riƙe shi shi ɗai, kin ga abin da ka faruwa. Gwaggo kau gwaggona ta, jinina ta, ba mai cewa komi in ta zauna gidana. Ki bar min ita."

Riskuwa ta san wannan magana tana zuwa, amma sanin bai rage mata zafi ba. Gwaggo ce ta farko. Ita ta cike mata gida lokacin da Jamilatu ta tafi, ita ta riƙe mata kai ran da uwarta ta rasu, muryarta ce take fara ji kowace safiya tana kushe hayaƙin murhu. Ta so ta ce a'a, kuma da ta ce, ba mai ganin laifinta. Ta waiwaya ta hango Maigandi yana kare ƙwaryar kununsa da gwiwar hannu. Ta ce a tambayi mai ita.

Gwaggo ta ce ita ba don kowa za ta zauna ba, sai don kada a riƙa asarar kan kifi a kan wanda bai san daɗinsa ba. Amma da safe, da Riskuwa ta ɗaure kayanta, tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Wuta niz zo ɗiba gidanki, ɗiyata," in ji ta. "Kin ga inda tak kawo ni."

Riskuwa ta matse hannun tsohuwar. Ta juya wurin Safiyatu ta ba ta sauran karatun da ta manta ta bayar da farko: tabarmarsu kusa da juna, ƙofa a buɗe, yara su shiga su fita, kan kifi kuma guda ɗaya tak, ko da kifi ya yi arha kada ta kuskura ta sa biyu.

Maigandi ya ƙara ganin damina da dama bayan wannan, har ya koya wa jikokinsa ɗinkin homa ko da yake ba su taɓa jefa ta a ruwa ba. Gwaggo ta riga shi tafiya, gadon ƙarfen bai zama nata ba, kuma an ce bai daɗe a bayanta ba. Gidan Riskuwa kuwa bai taɓa zama ba tsoho ba har ita ma ta shiga sahunsu. Amma duk wannan daga baya ne.

A lokacin dai ita kaɗai ta hau mota ta koma. Sahabi ya tarbe ta da jirgi a Argungu, ta ba shi labari tun daga farko har ƙarshe, ya saurara yana tura gora. Ta shiga gida ta ga faifan Gwaggo a jingine inda ta bar shi. Ta ci gaba da aikinta, ta turara gumi, ta zare wa Ɗantsoho da Maryamu ƙaya, ta zauna tare da su har su gama. Sai dai muryarta ta daina kaiwa gulbi, kuma in ta zuba nata tuwon sai ta rufe ta ture gefe ta ce sai an jima.

Rannan da yamma, rana ba ta faɗi ba, tana zaune gindin murhu da akushi a gabanta. Hannunta ya saba, ta sa kan kifi a sama ba tare da ta yi niyya ba, ga shi tana kallonsa ba ta taɓa ba. Sahabi ya shigo daga ƙofar gida inda maza ke cin nasu. Maimakon ya wuce ɗaki yadda ya saba, sai ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya tsuguna a gabanta. Ya miƙa dogon hannunsa ya ɗauke kan kifin.

Riskuwa ta ɗago ido tana kallonsa.

"Mi kika kallo?" in ji Sahabi, yana ƙoƙarin ɗaure fuska. "Tun kina ɗaukar tulu ba ki iya cin kan kihi ba. Wa yab ba baiwa abincin iyayengijinta?"

Rabon da ta ji wannan muryar tun ranar da ya saka mata kwaɗo a ƙwarya.  Sai ta cafke wuyan hannunsa.

"Ɓarawo! Wa ab baiwarka? Aje shi, ko in tara maka tunga!"

Masu jirgi a tsakiyar gulbi suka waiwayo. Ɗantsoho ya ɗaga sandarsa yana tambayar ko kaza ce. Riskuwa ta ƙwace kan kifinta, ta rungume akushi da hannun hagu, ta cinye tuwon nan tas, tana ci tana zaginsa, tana share ido da bayan hannu.